Abin da koyar da darasin Gana ya koya mini

Duk ɗalibin da ka tambaya abin da ya sani game da Gana, amsarsa ba ta wuce uku: babban birninta Akra, kuɗinta sidi, ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957 ƙarƙashin Kwame Nkrumah. Duk daidai ne, kuma suna kawo maki a jarrabawa. Amma yaron da ya tsaya nan bai san ƙasar ba, sunanta kawai ya riƙe. A shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Tudun Wada, babban abin da aikin ya koya mini shi ne in fara da ruwan sama da abin da ake ci, in bar iyakoki su zo daga baya.

Yaranmu na Kaduna sun taso da tunanin cewa duk inda teku yake, ruwa kamar da bakin ƙwarya, domin haka suke jin labarin Legas da Fatakwal. Sai in rubuta musu a allo: ruwan da Akra ke samu a shekara bai cika kai milimita 900 ba, na Kaduna kuwa ya haura 1,000. Nan take aji zai ɗauki surutu. Wata ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, anya ba a juya lambobin ba?" Ba a juya ba. Akra tana bakin teku, amma ta fi Kaduna ƙarancin ruwa. Dalili kuwa, a wannan sashe iskar damina tana bin gefen gaɓar ne, ba ta bugo ta kai tsaye, sannan daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku ya sanyaya iskar da ke sama, hadari ya kasa haɗuwa. Wannan ruwan sanyin ne kuma ke kawo wa masunta kifi, shi ya sa lokacin ne kakarsu. Ka matsa yamma zuwa Axim, kusa da iyakar Kwaddibuwa, ruwa ya haura milimita 2,000, kurmi ya rufe ko'ina. Ƙasa ɗaya, gaɓa ɗaya. Busasshen yankin nan bai tsaya a Akra ba, ya miƙe ta Togo har Benin, ya raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu.

Daga nan sai in sa su buɗe littafin taswira, kowa ya ɗora rula a kan Kaduna ya miƙa ta yamma. Rular za ta ratsa arewacin Benin da Togo ta faɗa kusa da Bolgatanga. Tamale na ƙasa kaɗan. Ina son kallon fuskokinsu a wannan lokaci, yatsa a kan rula, baki a buɗe. Can ma damina ɗaya ce a shekara, ba biyu ba irin ta kudu. Hunturu yana busa musu kamar yadda yake busa mana. Dawa da gero suke nomawa, ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga kuka, tuwo ne abincin dare. Manomin Giwa ko Soba da za a sauke shi a can, ba zai tambayi kowa lokacin shuka ba. A ganina wannan ne littattafanmu suka fi yi wa rowa: shafi bayan shafi a kan koko da zinariya da tashar jiragen ruwa ta Tema, arewacin ƙasar kuwa layi kaɗan, alhali shi ne sashen da ɗan Kaduna zai fi saurin ganewa.

Darasi na biyu ba a makaranta na same shi ba. Wani dattijo mai sayar da goro a unguwarmu ne, ina zaune gefensa yana kwance huhu, yana ɗaga ganyen a hankali, yana ware wanda ya fara lalacewa, yana yayyafa wa sauran ruwa. Na ce, "Baba, wannan daga ina?" Ya ce daga Kurmi, ƙasar Yarbawa, amma a zamanin kakanninsa goro sai Gwanja. Gwanja kuwa tana arewacin Gana ta yau, kasuwarta Salaga. Goron ba a can yake fitowa ba, daga dazuzzukan Asante ake kawo shi, fatake su taso daga Kano da Katsina da ayarin jakuna, su yi watanni a hanya, su kai tufafi da kanwa da fata, su dawo da goro. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante, da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan hanyar ya yi rauni, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya koma Kano ya shiga harkar gyaɗa. Zangon da ake samu a kusan kowane babban gari na Gana, inda Hausa ke yawo a bakin mutanen da asalinsu ya bambanta, ya samo tushe daga wannan zirga-zirga. Tun daga ranar nake shiga aji da goro ɗaya a aljihu idan darasin ya zo.

Kogin Volta ba ya ɗaukar mu lokaci. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta tara tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500. Abin da nake jaddadawa shi ne manyan rassan kogin daga Burkina Faso suke gangarowa, idan aka saki ruwan madatsar Bagre da ke can sai gonakin arewacin Gana su nutse. Yaran da suka ga abin da sakin ruwan Lagdo na Kamaru ya jawo a Binuwai da Kogi ba sa buƙatar dogon bayani.

Akwai sashen da ba na tsallakewa ko da lokaci ya ƙure, domin yana ci mini rai. A 1969 gwamnatin Busia ta umarci baƙi marasa takardu su bar Gana, 'yan Najeriya da yawa suka kwaso kaya, har da waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka bi hanya. Jakar ledar nan mai zane da ake sayarwa a kowace kasuwa a Kaduna, daga wannan korar ta samo sunanta na "Ghana Must Go", kuma yawancin ɗalibaina suna da ita a gida ba su san haka ba. Idan na faɗa, wani lokaci a samu yaron da zai ce kakarsa a Kumasi aka haife ta, har yanzu tana da ƙanne a can. Irin wannan yaron nake ba wa aikin gida na dabam: ya je ya zauna da ita, ya rubuto mana hanyar da suka biyo da garuruwan da suka yada zango, mu nemo su a taswira a darasi na gaba.