Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Kujerar Mai Kallo

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da maigidana ya shigo mana da na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 5, da irin haushinta da na riƙa ji a watannin farko, har nake kiranta kishiyata. Yau zan ba da labarin yadda na koma zama a gefensa ina kallo, abin da ban taɓa zaton zan yi da son raina ba.

Da farko wasan ƙwallon ƙafa na FIFA yake bugawa, wanda bai taɓa jan hankalina ba. Al'amura sun sauya ne a ƙarshen watan Fabrairun 2022, lokacin da kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar da Elden Ring. Abin da ya fara haɗa mu rigima a kan wannan wasa shi ne rashin maɓallin dakatarwa irin na sauran wasanni. Idan na yi masa magana yana tsakiyar faɗa, sai ya ce, "Uwargida, ki ba ni minti biyu," ni kuma in ɗauka raini ne. Wata rana na zauna da niyyar in kama shi da ƙarya, sai na ga ya waiwayo domin ya amsa mini, kafin ya mayar da ido an kashe jaruminsa, dukiyar da ya kwashe awa guda yana tarawa ta zube a wurin. A ƙa'idar wasan, mutum yana da dama ɗaya ya koma ya kwashe abin da ya zubar, idan aka sake kashe shi a hanya kuwa, ya yi asararsa ke nan. An sake kashe shi a hanya. Bai ce mini uffan ba, ni ce ma kunya ta kama.

Tun daga ranar na riƙa zama, da farko don in wanke laifina, daga baya don na fara gane abin da ke faruwa. Na lura cewa mai wasa ba ya ganin rabin abin da ke kan allo. Idonsa yana kan takobin abokin gaba, yatsunsa suna kan maɓallai, hankalinsa duka yana kan daƙiƙar da ke tafe. Ni da hannuna yake wofi, ina ganin jan layin da ke nuna sauran ransa, ina ƙirga kwalaben maganin da suka rage masa, ina kuma hango ƙofar da ya wuce bai buɗe ba. Ranar da na fara cewa, "Maigida, akwai tsani a hagunka," ya kuwa juya ya same shi, ya kalle ni kamar yau ya fara ganina.

Inda aikin nawa ya fi yin amfani shi ne wurin Malenia, jaruma mai hannun ƙarfe wadda masu wannan wasa suke sakawa cikin abokan gaba mafi wuya. Ba dole ba ne a yaƙe ta kafin a kammala wasan, amma maigidana mutum ne mai kafiya. Wahalarta ita ce duk saran da ta yi wa mutum, ko da ya tare da garkuwa, ranta ƙaruwa yake yi. Idan kuma an kai ta ƙasa, sai ta sake tashi da fukafukai a zagaye na biyu. Na ɗauko wani tsohon littafin rubutu ina jan layi duk lokacin da ta kashe shi, da wasa na fara, amma da layukan suka haura talatin sai na koma rubuta abin da ya kashe shi. A nan na gano cewa fiye da rabin mutuwarsa daga sara guda take zuwa: takan yi tsalle sama, ta ɗan tsaya cak a iska, sannan ta sauko da ruwan sara har kashi uku. Shi a lokacin yana kusa da ita yana neman ƙarin bugu ɗaya, kwaɗayin da ya sha jawo masa asara. Sai muka yi yarjejeniya cewa da zarar ƙafarta ta bar ƙasa zan ce "gudu", shi kuma ba zai yi gardama ba.

Ba zan ɓoye ba, kallon yana da nasa ɗacin. Akwai daren da na yi kuskure na ce "gudu" alhali ba wannan saran ba ne, ya juya baya ta gama da shi, ya ajiye na'urar hannun da ƙarfi ya ce in bar shi ya yi abinsa. Na tashi na shige ɗaki, muka kwana biyu ban zauna a kujerar ba. A dare na uku ya zo da littafin a hannunsa, ya ce shi kaɗai ya ƙara layi goma sha ɗaya, kuma bai san me ke kashe shi ba.

A karo na sittin da takwas ya yi nasara, ba shi da sauran kwalba ko ɗaya, jan layinsa bai fi faɗin farce ba. Na ga babban yatsansa yana karkarwa a kan maɓalli bayan faɗan ya ƙare, ni kuma sai a lokacin na lura na cusa gefen matashin kujera a baki. Da ya dawo hayyacinsa, sai ya miƙo mini na'urar hannun ya ce, "To, malama mai littafi, saura ke." Na karɓa, ban ma san yadda ake riƙe ta daidai ba. Abin da ya faru a mintuna goma na farko, da dalilin da ya sa na mayar masa da ita, shi zan kawo a mako mai zuwa.