Tsayuwa gaban aji: abin da nake gaya wa sababbin malamai

Duk shekara idan lokacin koyarwar gwaji ya zo, makarantarmu takan karɓi ɗalibai daga kwalejin ilimi da jami'a, kuma da yake na daɗe a sashen kimiyya, ni ake haɗawa da masu koyar da ilimin halittu. Yawancinsu 'yan mata ne masu ƙoƙari. Littafin shirin darasinsu tsaf, manufa a sama, tambayoyin auna fahimta a ƙasa. Amma ranar da za su fara shiga aji sai alli ya kama rawa a hannu, murya ta shige ciki, ido ya kafe a kan allo. Yara sittin da wani abu su yi minti 40 suna kallon bayan hijabin malama.

Abin yana taɓa ni ƙwarai, domin na san sun san karatun. Shi ya sa nake fara musu da abin da su kansu suka karanta. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke sakin sinadarin adrenalin idan jiki ya ji alamar haɗari. Shi ke sa zuciya bugawa da sauri, yawu ya ƙafe, hannu ya yi sanyi yana karkarwa. Jiki bai bambanta haɗarin gaske da idanun yara sittin ba. Wannan yana samun kowa, har wanda ya shekara talatin yana hawa mumbari. Nakan ce musu kafin a shiga a tsaya a bakin ƙofa, a ja numfashi ta hanci, a sake shi a hankali ya fi jan tsawo, sau uku ko huɗu. Sakin numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. A kurɓi ruwa kuma, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Sakkwato ke haura 40 a ma'auni, maƙogwaro ya bushe tun kafin a buɗe baki.

Sai dai numfashi jiki kawai yake kwantarwa. Abin da ke ɗaure harshe ya fi haka zurfi: mai magana yana tunanin kansa. Yaya nake? Sun ga hannuna yana rawa? Turancina ya fita daidai? Muddin hankali yana nan, to ba ya kan ɗalibi.

A nan nake kawo musu Shehu Usmanu, wanda Hubbarensa ke cikin garin nan, muna wucewa ta kusa da shi kullum. Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta yadda yake fita wa'azi a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Ya ce kafin Shehu ya fita wurin jama'a yakan ɗan tsaya a cikin gida ya faɗi wasu kalmomi. Da ya tambaye shi, sai ya bayyana masa cewa niyya yake sabuntawa, yana roƙon Allah ya fahimtar da waɗanda suka taru abin da zai faɗa. Idan ya isa kuma sai ya yi sallama yadda kowa zai ji, ya gaishe su da sakin fuska, kuma ba ya ƙosawa da masu tambaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya roƙa. Fahimtar masu sauraro ya roƙa. Malamar da ta shiga aji da wannan damuwar, wato ko yarinyar da ke bencin ƙarshe ta gane, ba ta da sauran lokacin tunanin hannunta. Addu'ar Annabi Musa a cikin Suratu Ɗaha ma a nan ta dire: a buɗe masa ƙirji, a warware ƙullin harshensa, domin su fahimci maganarsa. Ita nake karantawa a kan hanyata daga ofishin malamai zuwa aji.

Akwai wata matsala da littattafan koyarwa ba su san da ita ba. Mun taso an koya mana kada mu kalli babba ido cikin ido, kada mace ta ɗaga murya. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma ita na ba 'ya'yana. Amma yarinya takan ɗauko ta gaba ɗaya ta shiga da ita aji, musamman ranar da mai duba ya zo daga kwaleji ya zauna a baya da takardarsa. Wata daga wajen Gwadabawa ta taɓa ce mini, "Hajiya, wallahi in nig ga malam zaune can baya, kunya ka kama ni, ban iya ɗaga kai." Na ce mata, "Ɗiyata, ba shi kika zo koya wa ba. Yaran nan ƙannenki ne, kuma haƙƙinsu ne su ji ki." Na tuna mata Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da malamanta mata da ake kira jaji, jagororin ƙungiyar mata masu neman ilimi ta 'Yan Taru. Mata ne dattijai masu kamun kai, ta naɗa musu malfa, suka riƙa shiga ƙauyuka suna tara mata suna karantar da su da waƙoƙin da ta rubuta. Ba wanda ya ce sun zubar da kunya. Tsayuwar mace gaban jama'a tana koyarwa gadonmu ne a ƙasar nan.

Ita wannan yarinyar na ba shawarar ta shigo da albasa ranar da za ta koyar da ƙwayar halitta. Albasa dai ba ta yi mana wuya ba, ga ta nan jibge a kasuwa daga Goronyo da Wurno. Ta ɗaga ta sama ta ce, "Wa ya yanka wannan jiya da dare?" Hannuwa suka tashi, aji ya ɗauki dariya da surutu. Ta ɓare ta, ta zare 'yar siririyar fatar nan ta ciki da farce, ta shimfiɗa a kan gilashi, ta ɗiga ruwan aidin, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma guda ɗaya da muke da shi. Yara suka yi layi. Duk wadda ta leƙa sai ta ɗago ta ce ta ga 'yan ɗakuna jere. Ina zaune a gefe ina kallon hannun malamar, ya daina rawa tun lokacin da ta fara ɓarar albasa, don ya sami aikin yi. Muryarta kuma ta kai bango, saboda dole ta tsawatar wa masu tsallake layi.

Maganar harshe: jarrabawar WAEC da NECO da Turanci ake rubuta su, don haka dole a ba yara kalmomin da Turanci. Amma idan ido ya nuna ba a gane ba, a juya Hausa a warware, sannan a koma. Shehu da Larabci ya rubuta littattafansa, amma talakawa da Hausa da Fulatanci ya yi musu wa'azi. A rage gudu kuma. Anas ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku don a fahimta, Nana A'isha kuma ta ce da mai ƙirga zai ƙirga kalmominsa da ya iya. Mai fargaba sauri yake yi don ya gama ya huta, ya cusa abu goma a darasi ɗaya. A ganina uku sun isa.

Shiru ma suna tsoronsa. Malama za ta yi tambaya, kafin yara su gama juya ta a kai ta amsa wa kanta. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta tarar malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira. Da suka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba su saba magana ba suka fara ɗaga hannu. Nakan ce su ƙirga a zuci har biyar, su daure.

Masu zuwa kare kundin bincike ko gabatar da takarda a taron bita kuwa, roƙona ɗaya ne: kada a jingina da majigi. Na sha ganin an ɗauke wuta ana tsakiyar bayani, mai magana ya yi tsaye cak don duk abin da zai faɗa yana cikin kwamfuta. A riƙe 'yar takarda mai ɗauke da kanun magana, a kuma daina cika shafi da rubutu ana karanta wa mutanen da suka iya karatu. Idan aka yi tambayar da ba a san amsarta ba, a ce ba a sani ba, za a bincika. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya shahara da faɗin haka. Sharaɗin shi ne a dawo da amsar, domin yara ba sa mantawa.

Abin da nake ganin ya yi ƙaranci shi ne gwaji kafin a fito. Yarinya ta shekara biyu tana rubuta jarrabawa a kan dabarun koyarwa, amma tsayuwarta gaban mutane ba ta taka kara ta karya ba. Don haka ranar Alhamis bayan an tashi nakan riƙe su a wani aji da ba kowa. Kowace ta yi minti biyar, sauran su zama ɗalibai, ɗaya ta ɗauke ta da waya. Ba na cewa komai sai ta kalli kanta. Ita da kanta za ta ga ta ba aji baya, ko ta ce "kun gane?" sau takwas ba ta jira amsa ba. Sai ta sake yin minti biyar ɗin nan take, darasi ɗaya, sannan ta gaba ta tashi.