Ka bar firizar nan a Agege

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada a sashen Hausa na cocinmu nan Agege, wani yaro da aka gama yi wa addu'ar sallama ya ja ni gefe, wai Baba zo ka ga shirina. Shi da matarsa da jaririnsu za su tafi aikin bishara arewacin Togo. Ya buɗe waya yana nuna min hotuna, janareta, firiza, shinkafa buhu biyu, katan katan na Indomie, har da waya mai ƙaya ta zagaye gida. Na ce ɗana, ya ake cewa ina kwana da yaren mutanen? Sai ya yi dariya wai ai Baba ko ina ana jin Hausa. Gabana ya faɗi, don maganar da na yi wa wani dattijo kenan a 1996 kuma da irin wannan dariyar.

Mu Kandi aka tura mu, can arewacin Jamhuriyar Benin, ƙasar auduga. Muka bi ta Seme muka kwana Kwatano, muka haura Parakou, ni da maman yara da yara biyu da kaya kamar masu ƙaurar kasuwa. Abin da na fara yi da muka sauka ba gaisuwa ba ne, katanga na ɗaga. Sai da na yi sati uku kafin na je gaida mai unguwa, shi ma da tafinta, na tsaya a tsaye na miƙa masa hannu kamar ɗan Ikko. Hausa kam ana ji a kasuwa, gaskiya ne, ka sayi albasa da ita, amma in mutane sun koma gida Dandanci suke yi da Bariba da Fulatanci, makaranta da ofis kuma Faransanci. Shekara guda ina wa'azi wa 'yan kasuwa baƙi irina, masu gari suna wucewa.

Ba wai ina wanke kaina ba ne, amma ku ma ku duba, kuɗin da ake aiko mana naira ne, kafin ka canja zuwa sefa ya zama abin tausayi, babu waya, wasiƙa sai an samu direba mai zuwa, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya min komai. To, an zaunar da ni, ban ji ba ne.

Wanda har yau yake cina shi ne naman Sallah. Maƙwabcinmu ya aiko yaro da cinya guda, na ce a mayar, wai ina tsare bangaskiya. Har gobe ina ganin da dalilina, sabon zuwa ne ni, ina tsoron abin da za a ce a gida. Amma fuskar yaron nan da ya juya da kwanon… Bayan wata biyu zazzaɓi ya kwantar da maman yara cikin dare ina ƙauye, uwar wannan maƙwabcin ce ta ji kukan yara ta bugi ƙofa har 'yarmu ta buɗe, ta kwana tana yi mata fifita, da asuba ɗanta ya kai ta asibiti a babur. Sai a lokacin na san matata ta yi wata takwas ba ta da wadda za ta ce wa sannu. Ni ina fita aikin Ubangiji, ita na kulle ta da firiza.

Na so in ba yaron nan shawara goma, uku suka fito. Na ce kar ka kai komai, je ka nemi aron turmi da guga, wanda ya ba ka aro gobe zai zo karɓa ku gaisa. Sai kuma na ce a'a, gidan sauro da maganin zazzaɓi da katin allurar shawara dole, don Turawa uku masu aikin bishara da suka sauka Legas a 1893, Bingham da Gowans da Kent, biyu ba su ga ƙarshen 1894 ba. Na ce wata shida kar ka buɗe baki da wa'azi, koyi yare, kuma matarka ta fara koya kafin kai. Amma kar ka zauna shiru ma a ɗauka ɗan leƙen asiri ne, ka faɗi ko kai waye tun ranar farko.

Ina cikin magana yana latsa waya. Yaran yanzu kenan, ba su taka ƙasar ba sun buɗe shafi a Facebook suna neman masu tallafi, hoton yaran mutane za su yi ta ɗorawa ba su san sunan ubansu ba. Ya ɗago ya ce na gode Baba, amma firizar mai sola ce. Matarsa tana gefe da goyo ba ta ce komai ba, sai da za mu rabu ta ce Baba, Mama tana gida gobe?