Abin da haƙar rijiya ta koya mini kafin in ajiye diga

Na bar aikin sa ido kan haƙar rijiyoyi, kuma tunda babu sauran kwangilar da zan yi tsoron rasawa, bari in faɗi abin da kowa a sana'ar ya sani amma ba a faɗa gaban mai biya. Rijiyoyi da yawa da ke ƙafewa da bazara ba mahaƙa ne suka lalata su ba. Ɗan kwangila ne, da gaggawarsa ta karɓar kuɗi.

Ga yadda abin ke tafiya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa yana sauka da shekara. A ƙasar Kano da kewaye damina na kankama daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka wajen Satumba da Oktoba ruwan yana can sama, sannan ya riƙa ja da baya har Afrilu ko Mayu. Wanda ya haƙa da kaka zai ci karo da ruwa da wuri, ya yi murna. Ɗan kwangila ya leƙa, ya ga fuskarsa a ƙasa, ya ce a tsaya haka, a yi daɓe, a shafa fenti, a kira masu ɗaukar hoto. Mahaƙi ya ce, “Alhaji, wannan ruwan damina ne, a bari mu ƙara ko gaba biyu.” Amsar kullum ita ce ba a biya shi kuɗin gaba biyu ba. Watan Maris na zagayowa guga ya fara dawowa da laka, Afrilu kuma ya dawo wayam. Mutanen gari ba su san sunan ɗan kwangila ba, mahaƙin da suka riƙa kai wa fura suka sani, shi za a ce bai iya ba. Sau da yawa kuɗin an fitar da su cif, rijiya ce ta bayar guga ya hana.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A haƙa sashen sama duk lokacin da aka ga dama in ban da tsakiyar damina, amma sashen da ke cikin ruwa a bar shi sai ƙarshen rani, a nutsa aƙalla mita 2 zuwa 3 ƙasa da inda ruwan ya tsaya a lokacin. Lissafin mai sauƙi ne: rijiya mai faɗin mita 1 tana riƙe kusan lita 785 a kowace mita ta zurfi, wato jarka 31 mai cin lita 25. Mai faɗin mita 1.2 tana riƙe wajen lita 1,130. Unguwa guda ba za ta rayu da rabin mita ba. Kafin a ce an gama, a kwashe ruwan kaf da yamma, a sa alama, a auna da asuba a ga nawa ya dawo. Wannan gwajin kwana ɗaya yake ci, shi ya sa masu gaggawa ba sa son sa.

Haƙa cikin ruwa kuwa ita ce ainihin sana'ar. Inda ƙasa ke da marmara a sama da ruɓaɓɓen dutse a ƙasa, kamar yawancin Kano da Zariya, bango kan tsaya da kansa na ɗan lokaci, matsalar ita ce a ci karo da fa, wato dutse mai tauri, kafin a sami isasshen ruwa. Inda kuma rairayi ne, kamar sassan Sakkwato da Barno da Damagaram, bango ba ya jiran kowa. A nan sai a jera zoben kankare, mahaƙi ya shiga ciki ya riƙa ƙwaƙule ƙasa daga ƙarƙashin na ƙasan, nauyinsu ya riƙa nutsar da su. Dole ya zagaya daidai wa daida, kaɗan kaɗan. Ya zurfafa gefe guda, zobe ya karkace, na samansa su buɗe baki, rairayi ya kwararo ta nan. Daga nan rami ya samu a bayan zobe inda ido ba ya gani, wata rana bakin rijiya ya rufta. A saki zare mai nauyi daga tsakiyar baki bayan kowane zobe, a auna ɓangare huɗu. Zoben da ke cikin ruwa a yi musu ƙofofi ƙanana ko a zuba su ba yashi don ruwa ya ratsa, a shimfiɗa tsakuwa kamar santimita 20 zuwa 30 a gindi don ta danne rairayi.

Zoben ma nan ake cin amana. Awon da aka sani shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, da rodi a ciki, a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28. Idan aka ce buhu ɗaya ya yi aikin biyu, ko aka saukar da zobe kwana uku da zubawa, gefensa zai marmashe tun a igiya, kuma mutum ne a ƙarƙashinsa.

Injin jan ruwa mai fetur kada ya shiga rami, kada kuma hayaƙinsa ya fuskanci baki. Gubar hayaƙin ba ta da wari, tana kwantar da mutum yana tsaka da aiki. Saukar da fitila yana nuna ƙarancin iska idan ta mutu, amma ba ya nuna wannan gubar, don haka cin fitila ba izinin shiga ba ne. In mahaƙi ya yi shiru a ƙasa, a jawo shi da igiyar da ke ɗaure a jikinsa tun farko. Na biyu da ya diro don ceto shi ne yakan zama gawa ta biyu. Haka a wajen yasar tsohuwar rijiya: a buɗe ta, a riƙa saukar da ganye ko buhu ana jawowa don iska ta sauya, kafin kowa ya sa ƙafa.

Sauran a taƙaice. Masai ya yi nisan mita 30, kuma kada ya kasance ta saman gangare. Mita 3 na sama a toshe bayan zobe da yumɓu ko siminti. Baki ya tashi kusan ƙugu saboda yara da awaki, daɓe ya gangara waje, magudana ta kai ruwa nesa. Kada a tara ƙasar da aka fitar a gaɓar rami. Guga kada a cika shi har baki, kuma igiya a duba ta kowace safiya.

Ga masu karɓar aikin haƙa: ku rubuta yarjejeniya a kan zurfin ruwa a watan Afrilu, ba yawan gaba ba, mai unguwa ya shaida. Ku kuma karɓi kuɗin kowane mataki kafin ku shiga na gaba, domin cikon da ake cewa sai bayan buɗe rijiya, na san mahaƙa da dama da har yau suke jiran sa.