Inda na kai a aikin samfurin jirgin Giraffe, wata na huɗu

'Yan'uwa masu koyon sassaƙa samfurin jiragen ruwa, a wannan watan na fi ɓata lokaci kan tarihin jirgin fiye da kan katako, kuma ban yi nadama ba, domin tarihin ne ya nuna mini kuskuren da na tafka tun wata na biyu. Gangar jikin samfurin ta kammala, tsawonta ya ɗan haura santimita 80, wato kashi ɗaya cikin ɗari na ainihin jirgin, na kuma goge ta da samfefa har ta yi sumul.

Kuskuren shi ne na ɗauki jirgin tamkar kamanninsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. An ƙera shi da ƙarfe a bakin kogin Clyde na Sikotlan a 1860, da sunan Giraffe, wato raƙumin dawa, yana jigilar fasinja tsakanin Glasgow da Belfast. A 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, jihohin kudu masu ɓallewa suka saye shi saboda gudunsa, suka raɗa masa Robert E. Lee, aikinsa kuwa shi ne sulalewa cikin dare ta tsakanin jiragen yaƙin arewa da suka yi wa tashar Wilmington ƙawanya. Sau 21 ya keta wannan ƙawanya a ƙarƙashin kyaftin ɗinsa John Wilkinson, yana fitar da diloli na auduga zuwa Nassau da Bermuda, yana komowa da makamai. Ba na iya manna ƙananan dilolin nan a bisa samfurin ba tare da na tuna cewa bayi baƙar fata ne suka noma audugar ba.

A ranar 9 ga Nuwamba 1863 jirgin yaƙin arewa mai suna James Adger ya kama shi a gaɓar Karolina ta Arewa. Sojojin ruwan arewa suka ɗora masa igwa, suka sake masa suna Fort Donelson, suka mayar da shi gadin tashar da ya saba kutsawa, har aka yi da shi a harin sansanin Fort Fisher da ya faɗi a Janairun 1865. Bayan yaƙi aka sayar da shi ya zama Isabella, a 1866 kuma sojojin ruwan Chile suka saye shi da sunan Concepción.

Ni kuwa na riga na sassaƙa igwa na manna, sannan na jera auduga kusa da su, na haɗa shekaru biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Dole na zaɓi ɗaya, na zaɓi 1863, saboda a ganina a shekarar ce jirgin ya yi aikin da ya sa ake tunawa da shi. Na jiƙa gam ɗin na ɓamɓare igwar, katakon saman ya ɗan tsage a wuri biyu, na cike da garin katako da gam. Fentin ma ya sauya: na bar baƙi na koma ruwan toka mai haske, domin irinsa masu keta ƙawanya ke shafawa don kada a hango su cikin hazo.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne manyan wilin nan biyu na gefe masu tura ruwa, waɗanda na yanka daga gwangwani sau uku kafin su yi daidai da juna. Saura bututun hayaƙi guda biyu. Ina so in yi musu dabbaren baƙi a baki, don tunawa da ranar da jirgin yaƙin arewa mai suna Iroquois ya biyo Robert E. Lee, kwal ɗin da Robert E. Lee ke ɗauke da shi kuwa ba mai kyau ba, Wilkinson ya sa aka riƙa jefa auduga jiƙe da man itace mai saurin kamawa a cikin wuta har suka tsira. Wanda ya san yadda ake yin dabbaren hayaƙi da buroshi busasshe ba tare da ya ɓata ruwan tokar ba, ya taimaka mini da bayani kafin in taɓa su.