Asabar a gareji: murfin injin Marsandin Alhaji

Yau ban tayar da mota ko ɗaya ba, amma kafaɗata ta fi ciwo a kan ranar da muke sauke giyabos. Tun hantsi har bayan la'asar ina zaune a kan tsohuwar taya, murfin injin Marsandin Alhaji a cinyata.

Motar 230E ce, samfurin W123 ɗin nan da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986. Ta mahaifinsa ce, ta daɗe a rumfa a gidansu na Jahun, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Injinta M102 ne. Bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, amma tof silinda, wato kan injin da ke zaune a kan bulok, da murfin sama, da manifol ɗin shigar iska, da gidan tamostat mai daidaita zafin ruwan inji duk alminiyam ne. Mun sauke su tun ranar Alhamis. Alhaji yana so in an buɗe bonet a ga ƙyalli, ni kuma ina so injin ya daina yoyon mai, to sai a yi duka biyun.

Jiya na jiƙa murfin a kananzir ya kwana. Da safe baƙin man da ya daskare ya yi laushi, na bi shi da burushin roba da tsohon burushin haƙori, na kankare lungunan da tsinken itace. Cikin murfin ya fi bayansa ƙazanta nesa ba kusa ba, musamman bayan farantin nan da ke tare mai kada ya bi bututun numfashi. Daga nan ruwan zafi da garin sabulu, a ɗauraye nan take, a shanya. Da iskar hunturun nan, kafin ka sha shayi ya bushe.

Ina cikin haka ƙaramin yarona ya zo da shawara.

"Oga, da soda muka sa masa, irin ta masu sabulu. A wancan garejin haka suke yi, kafin ka ce kwabo ya fita fes."

Ban yi masa faɗa ba. Na ce ya kawo gwangwani da ruwa, na zuba sodar kaɗan, na jefa wani guntun fashasshen murfi da ke cikin bola. Ba a jima ba ruwan ya fara kumfa yana zafi, guntun ya yi baƙi ƙirin. Soda tana wanke baƙin ƙarfe ba ta cuce shi ba, amma alminiyam cin sa take yi. Kumfar nan iskar haidirojin ce, mai kama wuta, baƙin kuma ragowar silikon da jan ƙarfen da aka gauraya a cikin zubin ne, suka saura a sama bayan soda ta cinye alminiyam ɗin. Yaron ya yi shiru yana kallon gwangwanin. Da baki na gaya masa, gobe zai manta.

Burushin waya ma na hana. Ƙananan ɓurɓushin ƙarfensa suna nitsewa cikin alminiyam saboda taushinsa, damina na zuwa sai ka ga jajayen ɗigo a jikin abin da ba ya tsatsa. Shi alminiyam ba ja yake yi ba. Da zarar iska ta taɓa shi yake yin wani siririn ɓawo da ke kare shi, kuma wannan ɓawon ne in ya daɗe yana shan ruwa da datti yake komawa fari-fari kamar an barbaɗa gari.

Samfefa ce ta cinye mini yini. Na fara da lamba 220 a wuraren da suka yi rami kawai, sannan 400, 600, 800, 1000, 1500, har 2000, duk da ruwa da ɗigon sabulu don kada takardar ta toshe. Kowace lamba aikinta ta goge zanen wadda ta gabace ta. Shi ya sa nake sauya hannu: in na ja 400 a tsaye, sai in ja 600 a kwance, in ci gaba har sai babu zanen tsaye ko ɗaya. Wanda ya tsallaka daga 400 zuwa 1000 zai ga kamar ya ci riba, sai ya shafa man goge ƙarfe, tsofaffin zanen su fito sarai a ƙarƙashin ƙyallin, ya koma baya dole. Wani abin kuma, ƙarfen zubi yana da 'yan ƙananan ramukan iska a cikinsa tun daga masana'anta. In ka nace sai ka goge wani, biyu za ka tono a ƙasansa. Akwai guda uku kusa da bakin zuba mai da na bar su yadda suke.

Wajen azahar Baba mai walda ya leƙo. Shi a kamfanin Steyr ya koyi aiki, wanda aka buɗe a nan Bauchi a ƙarshen shekarun 1970 ana harhaɗa manyan motoci da taraktoci, kuma har yau in ya ɗauki ƙarfe baya yake fara juyawa. Bai ko kalli inda na sha wahala ba. Ya kifa murfin, ya bi gefen da gaskit ke zama da babban yatsa.

"Ɗana, nan ba ka taɓa da samfefa ba ko?"

Na ce a'a Baba, da roba na kankare.

"Madalla. Kowa bayan yake gogewa, amma mai ta nan yake fita."

Gaskiyarsa ce. Yatsa ba ya danna samfefa daidai, sai ya yi kwari a wurin da ya kamata ya zama shimfiɗe, daga nan ko gaskit nawa ka sa sai ya yi yoyo. Muka ɗora murfin a kan gilashi muka ga ya zauna ba ya rawa. Baba ya kuma ja kunnen yaran a kan masu feshin yashi. Yana fitar da ƙarfe tas cikin ƙanƙanen lokaci, amma yashin da ya maƙale a bayan farantin ciki ba ya wankuwa duka. Injin na zafi zai saki, ya bi mai, ya je ya cinye metal ɗin kurankishaf, wato ɓawon ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansa.

An ɗauke wuta, don haka gogewar ƙarshe da hannu na fara ta, da man goge ƙarfe na Autosol da tsohuwar singileti. Tsumman yana yin baƙi nan da nan, kuma haka ake so, alamar man yana ɗebe ƙarfen kaɗan-kaɗan ke nan. Da wuta ta dawo na ɗaura fefen auduga a dirila na ƙarasa, hanci a rufe, don ƙurar ba ta da kyau a ƙirji. A nan ne murfin ya tashi daga fari ya koma madubi.

Alhaji ya bugo waya yana tambaya ko za a fesa masa laka, wato fentin ƙyalli marar launi, don kada ya dushe. Na ce ranka ya daɗe, ni dai ba zan so ba. A wannan hazon, kafin ta bushe ƙura ta zauna a kai. Kuma zafin inji yana mayar da ita ruwan ɗorawa, in ta tsage ruwa ya shiga ƙasanta ya yi farin tabo, sai an kankare ta gaba ɗaya. A bar shi tsirara, duk wata ɗaya ko biyu a bi shi da man da tsumma. Mu nan ba Legas ba ne, babu iskar teku mai gishiri. Ya ce to ai direba yana nan, aikinsa ya samu.

Gidan tamostat ɗin kam ya gama yawo. Cikinsa ya rarake, bakin da tiyo ke kamawa ya zama kamar saƙar zuma, saboda shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura wa lagireto maimakon kulant, ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Goge wannan ɓata samfefa ne. Na jefa shi a buhun da masu zuba tukwane ke saye. A digiri 660 alminiyam ke narkewa, gawayi da zugazugi sun ishe shi, don haka ba zai rasa amfani ba. Alhaji ya ce ai mahaifinsa ruwan rijiyar yake zubawa kuma motar ba ta taɓa tsayawa ba. Na ce Allah Ya jiƙansa, amma a wannan karon da jarkar kulant za ta bar garejin nan.

Tof silinda ban taɓa shi ba sai wankewa. Ranar Litinin zan aro miƙaƙƙen ƙarfen awo a wurin Baba in bi shi da fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa. In ya lanƙwashe, masu girandin ne za su aske shi, ba ni ba. Manifol ɗin kuma lunguna sun yi masa yawa, na riga na gaya wa Alhaji wankewa kawai zai samu da fentin azurfa mai jure zafi.