Taron da muka yi a kan lambun unguwa

Lahadi, Yamai

Tun jiya mai unguwa ya aiko yaro gida-gida, a haɗu bayan la'asar a ɗan lambun da ke bayan makarantar boko. Na so in noƙe, don Lahadi ce kawai ranar hutuna, amma uwargida ta ce ƴaƴan wa suka fi zuwa wurin in ba namu ba? Na sa hula na fita, auta na biye da ni.

Na riga mutane isa, sai na samu damar duba wurin da kyau. Lilo huɗu aka kafa, biyu ne suka rage. Ɗaya daga cikin biyun ma sarƙarsa ta tsinke, wani ya ɗaure ta da wayar ƙarfe, bakin wayar a tsaye daidai inda yaro ke kamawa. Abin sulɓi kuwa ƙarfe ne tsantsa. A wannan bazarar da zafi ke haura digiri 40, ba yaron da ke iya hawansa kafin rana ta yi sanyi, kuma tsatsa ta huda shi daga ƙasa. Famfon da ke tsakiyar lambun an cire masa kai, an toshe bakin da guntun ice.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ƴan bedi guda uku da ke jikin katanga, kore shar, alhali ciyawar wurin ta ƙone ƙurmus. Na tambayi Baba mai gadi yadda aka yi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wurin alwala na mayar nan." Ashe duwatsu ya jera a gindin kowane, duk mai shago ko ɗan kabu-kabu da ya zo da butarsa sai ya nuna masa inda zai tsuguna. Ran da ya samu ɗan canji kuma sai ya sayi jarka ɗaya wurin mai garuwa ya raba musu. Ba wanda ya sa shi.

Da aka taru, mai unguwa ya buɗe da addu'a, sannan ya ce shi ya gaji da ƙorafin iyaye mata, a faɗi yadda za a yi. Nan take wani ɗan fada ya miƙe ya ce ai aikin hukuma ne, muna biyan haraji, su zo su gyara. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai kai ƙarshenta ba. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya tsaya ya warware mana. Ya ce kuɗin komin, wato ƙaramar hukuma, daga wurare sanannu suke fitowa: tikitin kasuwa, patanti (harajin masu sana'a), harajin da ke kan magidanta, da ɗan tallafin da gwamnati ke turawa, wani ta hanyar ANFICT, hukumar da ke tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi. Birnin Yamai komin biyar ne, kowace da sharar da za ta kwashe, da magudanan ruwa da za ta yashe kafin damina, da albashin ma'aikata. Wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya fasa ya shiga unguwannin Harobanda, ba zai ce a bar magudanar ruwa a sayi sarƙar lilo ba. Don haka lambu kullum a ƙarshen layi yake. Ya ƙara da cewa tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, ba sauran kansilan unguwa da za ka tare a ƙofar masallaci ka kai wa kuka. Sai dai takarda.

Ni abin da ya fi damuna daban ne, kuma na faɗe shi a wurin. Mu a ƙasar nan ba mu rasa kuɗin gini. In biki ya zo kuɗi na fitowa. Mun ga gine-ginen bikin ranar Jamhuriya, Dosso Sogha a 2014 da Tahoua Sakola a 2017, mun ga yadda aka ƙawata Yamai saboda taron ƙungiyar Tarayyar Afirka a watan Yulin 2019: shataletale, fitilu, furanni. Abin da ba a tanada shi ne kuɗin washegari, wato kuɗin ruwa, da albashin mai gadi, da mai walda sau ɗaya a shekara. Waɗannan ba a yanka musu ƙyalle, ba a kiran ƴan jarida, shi ya sa ba mai rububin su. Ga shi garinmu ruwan sama na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin takwas duk abin da ka shuka bashin ruwa ne a wuyanka. Kowace ranar 3 ga Agusta manya na fita su dasa itatuwa, a ɗauki hoto. Da za a koma wurin a watan Afrilu a ƙidaya masu rai, da an fi sanin inda aikin yake.

Dattijon ya tuna mana da dajin bedin da ya kewaye birni, wanda aka fara dasawa a 1965 har ya kai kusan hekta 2,500. Yau filaye da gidaje da juji sun cinye babban sashensa. Ya ce a zamanin mulkin soja na Seyni Kountché da samariya, ƙungiyar matasan unguwa, ce za ta fito da tsintsiya da shebur a yi gayya. Wani ya ce masa wancan zamanin tsoro ne ke fitar da mutane. Aka yi dariya, aka wuce.

Rigimar gaske ta taso ne da wani ɗan kasuwa ya kawo shawarar a sa ƙofa, kowane yaro ya biya dala ashirin. Ya ce ai gidan tarihi na Boubou Hama ma sai da tikiti ake shiga. Ban yarda ba. Can akwai zakuna da dorina da ƙasusuwan manyan dabbobin da, kuma da Salla ake kai yara, ba kullum ba. Nan kuwa mai ƴaƴa shida da ke ɗaki ɗaya a gidan haya, wanda shi ya fi kowa bukatar filin, shi ne zai fara daina turo su. Su koma ƙwallo a bakin titi, tsakanin babura.

Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kowane mako ana tare hanya a kafa rumfa don biki ko suna. Me zai hana masu bikin su shigo nan su biya, yara kuma su shiga kyauta?" Ta ce ita ma a ba ta gefe ta ajiye kularta, za ta riƙa ba da wani abu duk wata. Na ga mutane suna gyaɗa kai. Ni dai ina da ɗan tsoro, don na san halin mai rumfa, in ya samu wuri sai ya kafa gindi, wata rana a wayi gari lambun ya zama ɗakin biki. Na roƙa a rubuta cewa ban da ranar Lahadi, kuma ba a taɓa ɓangaren lilo. Aka amince.

Filin ba namu ba ne, don haka sai an nemi izini. Ni aka ɗora wa rubuta wasiƙar da Faransanci, mai unguwa ya sa hannu ya kai. Mai waldan bakin titi ya ce a kawo masa sarƙar gobe, kuɗin ƙarfe kawai zai karɓa. Maganar wanda zai riƙe asusun ce ta kusa watsa taron, kowa na kallon ƙasa, har aka kira magariba. A tsaye aka yanke cewa Hajiya ta riƙe, tunda ita ce uwar adashin matan layinmu shekara da shekaru, kuma ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ta ce ta karɓa, da sharaɗin a saya mata littafi, kuma albashin Baba mai gadi ne zai fara fita kafin komai.